Filin Mata: Sabon Gini A Tsohuwar Unguwa



Ruwa ya ɗauke, magina sun fito. Duk wadda ta ratsa lungunan birnin Kano a 'yan kwanakin nan, ko Yakasai, ko Mandawari, ko Koki, ko gindin Dala, ta ga 'yan baro suna ta shiga da yashi da bulo, don tipa ba ta iya kutsawa lungu. Nan soro ya faɗi da damina za a tā da shi, can an raba gado an sayar, sabon mai gida ya baje kango zai yi nasa. To, a kan wannan ginin na ke son mu yi magana yau, watau gidan da a ke ginawa a gurbin wani tsohon gida, da maƙwabci a dama, da maƙwabci a hagu, da wani a baya.

Na san wata za ta ce, mene ne ruwan Filin Mata da gini, ai wannan sha'anin maza ne. Haka a ke faɗi. Amma mai gida ya kan karya kumallo ya fita, sai almuru ko bayan lisha ya komo. Wa ke wuni a cikin ginin nan? Wa ke girki a cikinsa, da wanki, da reno, da jinya, da zaman jego, da takaba? In ɗaki ya yi zafi mu ne a ciki, in ruwa ya kwanta mu ne da tsintsiya. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo, in ji masu iya magana, mai ɗakin nan kuwa mace ce.

In an ce kayan tarihi, hankalin mutane ya kan tafi ga manyan abubuwa. Akwai ganuwa, wadda tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ya fara ta, shi kuwa ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134. Akwai Gidan Rumfa da Kasuwar Kurmi na zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Akwai Gidan Makama, akwai marinar Ƙofar Mata. A 2007 an shigar da ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa shiga littafin kayan tarihin duniya na hukumar UNESCO. Da aka rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa hanya, jaridu sun yi ta kuka, kukan kuwa yana kan hanya. Amma ni a ganina birni ba ƙofofi ba ne kaɗai. Ko da za a gyara ganuwa tsaf, a yi mata shafe daga wannan kai zuwa wancan, in gidajen da ke cikinta suka koma shaguna da benaye masu leƙen juna, me ta kewaye? Ƙofa in ta faɗi kowa ya ji labari. Gidajen unguwa kuwa ɗai-ɗai su ke tafiya, ba mai buga su a jarida, sai dai wata rana mutum ya shiga lungun da aka haife shi ya rasa gane shi.

Bari mu tuna yadda kakanninmu suka tsara gida, don yara da yawa yanzu sun tashi ba su lura ba. Daga titi zaure za ki fara shiga. Ƙofar shiga zaure da ta fita ba sa fuskantar juna, an goce su da gangan, saboda haka wanda ke tsaye a waje idonsa ba ya wuce bango. Daga nan sai ɗan fili, sa'an nan shigifa ko soro na biyu, inda baƙo namiji ke tsayawa in ba muharrami ba ne. Sai an wuce wannan a ke faɗawa tsakar gida. Ɗakuna duk tsakar gida su ke kallo, bayansu ke ga titi, in ma akwai taga a waje 'yar ƙarama ce can sama kusa da rufi. Maza su kan ɗauka an yi wannan tsari don a tsare mu ne. Ku dube shi ta ɗaya gefen. Tsakar gida ita ce wuri guda a duniya inda mace za ta ajiye mayafi, ta ɗaura zane, ta sha iska, ta ga sararin sama, ba mai ganinta. Nan ne turmi, nan ne murhu, nan igiyar shanya. Nan mai ƙuli-ƙuli ke matsa, mai fura ke kirɓi, mai ɗinkin hula ke zama inda haske ya ke, mai kitso ke karɓar masu zuwa. Ranar suna ko biki nan a ke shimfiɗa tabarmi. Dukiyar mata da yawa a cikin birni daga wannan fili ta fito, har da kuɗin makarantar 'ya'ya da kayan ɗakin 'yammata.

Kayan ginin ma na gida ne. Ƙasa daga kududdufin unguwa a ke haƙo ta, a cuɗa da ciyawa, a mulmula tubali, a shanya. Azara daga giginya, wadda gara ba ta cika damunta ba. Da ya ke azara ba ta ɗaukar nauyin rufi in tazara ta wuce kamar ƙafa 6, sai magina suka ƙago bakan gizo da ɗaurin guga, su ne ke ba soro faɗi da kyaun nan da baƙi ke ɗaga kai suna kallo. Makuba daga ɓawon ɗorawa a ke samunta. Laso kuwa, wanda a ke shafe rufi da shi don kada ruwa ya ratsa, haɗi ne na katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da dafara. Kun ga ke nan marini da majemi da magini kowa na cin albarkacin wani. Mu ma muna da hannu a ciki, don daɓe aikin mata ne. Tsofaffinmu suna tuna ranar daɓe, matan unguwa su taru da madaɓai, ana yayyafa makuba ana bugu ana waƙa, har ƙasa ta yi sulɓi.

To, yanzu ga abin da ke faruwa. Mai gida ya rasu, magada goma sha, gida ɗaya. Ba ya rabuwa, sai a yi masa kuɗi a sayar. Wanda ya saya sau da yawa ba ɗan unguwa ba ne, ko kuwa ɗan unguwa ne da Allah ya buɗa wa. Sai ya kira mai zane ya ce yana son irin wanda ya gani a Nasarawa ko Abuja. A can kuwa fili ne mai faɗi, gida na tsakiya, sarari na kewaye da shi, tagogi na kallon waje ta kowane gefe. A ɗauko wannan a dasa a lungu, a kan fili taƙi kaɗan, me za a samu? Shaguna a ƙasa, bene hawa biyu ko uku a sama, an cinye filin kakaf ba a bar ko inda za a kafa turmi ba, tagogi kuwa manya-manya suna kallon tsakar gidajen mutane huɗu ko biyar.

Ranar da aka buɗe tagogin nan, matan gidajen nan sun rasa tsakar gidansu, ko da ya ke ba a taɓa musu ko tubali ɗaya ba. Mace ta koma sa hijabi don ta je murhu a cikin gidan mijinta. Makewayi da yawa a tsofaffin gidaje ba su da rufi, sai a shiga neman kwano ko buhu a rufa. Daga nan sai mai gida ya ce a rufe tsakar gidan duka da kwano, a huta. An huta da ido, amma an shiga duhu da hayaƙi da zafi. Na shiga irin waɗannan gidaje, da rana tsaka sai an kunna fitila, yara ba sa ganin rana sai sun fita lungu. Matan da ke cikin benen su ma ba su tsira ba. Ba su da fili, girki a wani ɗan ƙuƙumin ɗaki, shanya a kan ƙarfen baranda, kuma don kunyar maƙwabta labulensu a sake ya ke dare da rana. An kashe kuɗi an yi taga, ga ta nan ba ta buɗuwa.

Sai maganar ruwa, wadda ta fi ta ido saurin kisa. Tsohon soro yana da indararo, an san inda kowane ke zuba, an yi shekaru a kan haka. Sabon rufin kwano kuwa in ba a lura ba sai bakinsa ya sauka daidai kan katangar maƙwabci. Katangar ƙasa tana jure ruwan sama in ana yi mata yaɓe, amma ba ta jure ruwan rufin wani yana dukanta wuri guda damina ɗungum. Haka kuma mai sabon gini ya kan cika harsashinsa ya ɗaga shi sama da lungu, ya malale gabansa da siminti. Ruwan da dā ƙasa ke shanyewa sai ya nemi gidan da ya fi kwari, ya kwanta a gindin bango. Bangon ƙasa kuwa daga gindi ya ke mutuwa. Ga kududdufai, waɗanda dā su ne matattarar ruwan unguwa, an cike da yawa an yi gini a kai. In gidan tsohuwa ya faɗi a watan Agusta sai a ce ai ginin ƙasa ne, ya tsufa. Ba mai tambaya ruwan wa ya kashe shi.

Wani abu kuma da mu mata mu ke da laifi a ciki, don sau da yawa mu ke matsa wa masu gida, shi ne shafa wa bangon ƙasa siminti wai don ya yi kyau kafin biki. Siminti da ƙasa ba sa riƙe juna. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, siminti kuwa sai ya toshe shi. In ya tsage kaɗan ruwa ya shiga ta baya, ba hanyar fita, ƙasa ta yi ta jiƙa a ɓoye, waje kuwa sumul. Wata rana sai ɓawon ya zubo gaba ɗaya, a tarar cikin ya rube.

Kada wani ya ce wannan ƙorafi sabon abu ne da 'yan boko suka kawo. Malaman Malikiyya sun daɗe da yin hukunci a kansa. A ƙarni na 14 an yi wani magini a birnin Tunis, ana kiransa Ibnur Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya dubo gini in maƙwabta sun kai ƙara, har ya rubuta littafi guda a kan hukunce-hukuncen gini, da taga, da magudanar ruwa, da hayaƙi, da katangar tarayya. Malaman nan sun kawo cewa a zamanin Sayyadina Umar wani ya yi bene a Masar ya buɗe taga wajen maƙwabcinsa. Sai Halifa ya aika a sa gado a bayan tagar, mutum ya hau ya tsaya. In ya hango cikin gidan maƙwabci a toshe, in bai hango ba a bar ta. Ku ji awo mai sauƙi, ba ya bukatar injiniya! Da za a riƙa yinsa a lungunanmu, da birkiloli sun sami aikin toshiya na shekara guda.

Ban ce kowa ya zauna a ginin ƙasa ko yana so ko ba ya so ba. Wadda ta kwana tana tara kwanoni a ƙarƙashin rufi mai yoyo ba ta bukatar a yi mata wa'azin kyaun azara. Yaɓe kowace shekara kuɗi ne, magina na gaske sun yi ƙaranci, azara ta yi tsada, iyali kuma sun yi yawa, fili bai ƙaru ba. Ginin ƙasa yana faɗuwa, har manyansa. A watan Agusta na 2023 wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen shekarun 1830, ya rufta a kan masallata, aka yi asarar rayuka, Allah ya jiƙansu. A watan Satumba na 2024 ruwa ya rushe tsohon masallacin birnin Damagaram. Saboda haka za a yi sabon gini, za a yi bulo, za a yi bene. Tambaya ita ce wane iri.

Amsar da wasu ke bayarwa ita ke ba ni dariya. Sai a gama bene mai leƙen unguwa duka, sa'an nan a ɗora masa zanko na siminti a kusurwa huɗu, a zana dagi a goshinsa, a ce an raya al'ada. Zanko ado ne, ina son ganinsa, amma ba ya hana ido, ba ya kawo iska, ba ya juya ruwa. Gidan bulo marar ado ko ɗaya, wanda ya bar zaure, ya bar fili a tsakiya, ya juya tagoginsa ciki, bai kere maƙwabtansa da tsawo ba, ya fi wancan zama gidan Hausa sau goma. Masanan duniya ma da suka taru a birnin Benis na ƙasar Italiya a 1964 suka tsara ƙa'idojin kula da tsofaffin gine-gine, abin da suka tsayar ke nan: a kiyaye mahallin da tsohon gini ya ke zaune, kada sabo ya danne shi da girma ko launi, in kuma an yi ƙari kada a yi shi don a ruɗi mai kallo ya zaci tsoho ne.

Ko ana iya yin bene a ƙaramin fili ba a tozarta kowa ba? An yi, ba nesa ba, mata ne kuma a kan gaba. A birnin Yamai, a 2016, wata 'yar Nijar mai zanen gine-gine, Mariam Issoufou Kamara, tare da abokan aikinta, sun gama wasu gidaje da a ke kira Niamey 2000. Gidaje 6 ne masu hawa biyu a kan filin da aka saba yi wa iyali ɗaya, kowanne da ɗan filinsa na shan iska a tsare. Da ƙasa aka gina su, amma ba tubalin hannu ba, bulo ne na jar ƙasa da a ke matsewa da inji. Bango mai kauri irin wannan yana shanye zafin rana a hankali, sai dare ya sake shi, shi ya sa soro ke da sanyi da azahar. Mu da ke koyarwa a azuzuwan bulo da kwano mun san bambancin, don a watan Afrilu in sha biyu ta yi rabin aji gyangyaɗi su ke yi.

Aikinta na biyu ya fi shiga raina. A Dandaji, wani garin Hausawa a jihar Tawa, tsohon masallacin ƙasa ya lalace, ya kuma yi wa jama'a kaɗan. Abin da aka saba shi ne a rushe a yi na siminti a gurbinsa. Ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, 'yar ƙasar Iran, sai suka ba da shawara a bar shi. Aka gayyato maginan da suka yi shi tun farko aka gyara, aka mai da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 a kusa da shi da bulon jar ƙasa. An gama a 2018. Sabon bai kwaikwayi tsohon ba, duk wanda ya gani ya san na zamanin nan ne, amma launinsu ɗaya, ƙasarsu ɗaya, ba wanda ya danne wani. Yankin nan dā ma gidan magina ne. A can ne masallacin Yama ya ke, wanda Alhaji Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya ci lambar Aga Khan a 1986. Tsohon garin Agadas kuwa, mai hasumiyar ƙasa mita 27, ya shiga littafin UNESCO a 2013, an kuwa karɓe shi ne a matsayin gari, da unguwanninsa da gidajen da mutane ke zaune a ciki, ba masallaci da fada kaɗai ba.

To, me mace za ta iya? Da farko mu daina cewa ba ruwanmu. Allah ya ba mu rabo a gado, 'ya tana da rabin rabon ɗa, matar mamaci tana da tumuni in akwai 'ya'ya. Gidajen birni da yawa da a ke sayarwa akwai haƙƙin mata a ciki, amma sai a kira su a waya a ce an gama ciniki, ga naki. Kafin ki ce kin yarda, tambayi wa zai saya, me zai gina. In wani magaji zai sayar da kasonsa ga bare alhali ba a raba gidan ba, sauran abokan tarayya suna da haƙƙin su riga baren saye, shi ne malamai ke kira shuf'a. A tambayi malami ko alƙali tun ciniki bai yi nisa ba.

In kuwa mai gidanki ne zai yi ginin, roƙe shi cikin ladabi ya nuna miki zanen tun yana takarda, don goge layi a takarda kyauta ne, fasa bango kuwa kuɗi ne da rigima. Ba sai kin yi karatun injiniya ba. Sa yatsa ki ce, ina tsakar gida, ina zan yi shanya, hayaƙin murhu ta ina zai fita? In baƙo ya yi sallama a ƙofa, me zai hango? Tagar sama kuma gidan wa ta ke kallo? In ta waje ce, a ɗaga ta sama da tsayin mutum, iska za ta shiga, ido ba zai fita ba. Matakala da baranda su ma a duba su, don sau da yawa ta nan a ke leƙe ba ta taga ba. Rufi ya zubo ruwansa cikin gidanku ko rariyar lungu. In akwai bishiya a tsohon gidan, darbejiya ce ko dabino, a yi zanen a kewaye ta, don siminti kwana kaɗan ya ke bushewa, inuwa kuwa sai an shekara goma.

In ginin maƙwabci ne, kada a jira sai an ɗora rufi. Tun ana harsashi ki gaya wa mai gida ya je su yi magana ta arziki, in ta ƙi a kai wa mai unguwa. A Kano hukumar KNUPDA ce ke ba da izinin gini, ana iya tambaya ko zanen ya bi ta can. Matan gidan da za su tare su ma a neme su, sau da yawa ba su ga zanen ba, kuma da sun gani da sun goyi bayanku, don su ne za su zauna a bayan labulen.

Ina roƙon 'yan'uwa na Zariya da Katsina da Daura da Damagaram, duk wadda a unguwarsu har yanzu a ke daɓe da makuba, ko ta san sabon gidan da aka yi a cikin birni wanda maƙwabta ba su koka da shi ba, ta rubuto mana yadda aka tsara shi, da inda aka sa matakala da tagogin sama. Za mu buga a wannan fili don masu shirin gini da ranin nan su gani.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.